Ciwon huhu da sauyin hali: abin da ke sa mai haki janye jiki daga jama'a

A Gusau ko Talata Mafara ko Anka, idan dattawa biyu suka haɗu bayan sallar asuba, gaisuwa ba ta ƙarewa da kalma biyu. Za a tambayi kwana, a tambayi gajiya, a tambayi iyali da yara, a tambayi sanyi, a tambayi jikin tsohuwa, sannan a sake wani zagayen kafin a saki hannu. Mai lafiya ba ya jin nauyin wannan, domin bai taɓa lura cewa duk maganar da ke fita bakinsa da iskar ƙirjinsa take fita ba. Wanda huhunsa ya lalace ya sani sarai. Kowace "lahiya lau" tana rage masa wani abu daga ɗan abin da yake da shi, kuma in ya biye wa gaisuwar har ƙarshenta, sai ya dafa bango yana haki. Don haka yakan koyi gajarta ta. Ya ɗaga hannu daga nesa, ya ce "alhamdu lillahi" sau ɗaya, ya wuce. Ba a daɗewa sai ka ji ana faɗi a majalisa: "Wane fa ya sake. Ko gaisuwar kirki ba ya tsayawa a yi."

Wannan hukunci da ake yanke wa masu ciwon huhu yana damuna ƙwarai. A ƙasar Hausa muna auna kirkin mutum da abubuwan da kusan dukkansu ke neman ƙirji mai ƙarfi: doguwar gaisuwa, raka gawa maƙabarta, zuwa dubiya da ta'aziyya da suna, sallar jam'i, zaman hira, raha da abokan wasa. Mun ce zumunci a ƙafa yake, ƙafa kuwa ba ta zuwa ko'ina sai huhu ya ba ta iska. Shi ya sa ciwon numfashi kan taɓa mutuncin mutum a idon jama'a tun kafin likita ya gano ko wane ciwo ne. Wani ɓangare na sauyin da ake gani dabara ce ta tattalin numfashi. Wani ɓangaren kuma sauyi ne na gaske a zuciya da ƙwaƙwalwa, kuma an san dalilansa.

Ciwon huhu mai daɗewa iri-iri ne. Akwai asma, mai tashi ta lafa. Akwai wanda likitoci ke kira COPD, inda hanyoyin iska ke ƙuntata dindindin, shaƙa ta yi wuya, fitarwa ta fi wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kashe mutum miliyan 3.23 a shekarar 2019, kuma shi ne na uku a jerin abubuwan da suka fi kisa a duniya a lokacin. A Turai da Amurka taba sigari ce babban sanadinsa. A wajenmu ma tabar tana nan, amma ga hayaƙin itace da kara da mace ke shaƙa a gaban murhu tun tana yarinya har ta yi jikoki. Akwai kuma ragowar tarin fuka: mutum ya sha magani wata shida, ƙwayar cutar ta mutu, an sallame shi, amma tabon da ta bari a huhu yana nan, tari da haki ba su tafi ba. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, don haka irin waɗannan mutane ba kaɗan ba ne a unguwanninmu. Sai ƙurar sana'a, daga ta gurzar auduga da Gusau ta yi suna a kanta zuwa ta injin casar shinkafa da niƙan hatsi.

Zamfara tana da wata ƙurar tata ta daban. A 2010 duniya ta ji labarin gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, inda yara aƙalla 400 suka rasu sanadin niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje. Hankali ya koma kan dalma, kuma haka ya dace. Sai dai dutsen da ake niƙawa a bushe yana tayar da ƙurar silika mai laushin gaske, wadda ke shigewa can ƙasan huhu ta zauna, huhun ya riƙa yin tabo yana taurarewa. Babu maganin da ke warkar da wannan tabo, yana iya ci gaba da yaɗo ko bayan mutum ya bar aikin da shekaru, kuma yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Saurayin da ya tsaya bakin injin niƙan dutse yana ɗan shekara 20 yana iya kai 35 yana hakin tsoho. Shi ya fi kowa shan mummunar fassara, don ba wanda ke sa ran haki daga matashi. In ya ƙi fita, a ce girman kai ne na wanda ya taɓa riƙe kuɗin zinariya. In ya ƙi gona, a ce ya saba da kuɗin sauƙi.

Abu na farko da ciwon ke shukawa a ran mutum shi ne tsoro. Binciken da aka yi da na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ya nuna cewa sarƙewar numfashi tana tayar da sassan da ke kula da tsoro da jin zafi, wato jiki yana karɓarta a matsayin mutuwa ce ta tunkaro. Tsoro yana sa numfashi sauri. Mai COPD kuwa lokaci yake buƙata don ya fitar da iskar da ke ciki, in ya yi sauri sai tsohuwar iska ta taru a huhu, sabuwa ta rasa wurin shiga, haki ya ƙaru, tsoron ya ƙaru da shi. Wanda wannan ya taɓa kamawa a tsakiyar sahun Juma'a, ko a cikin mota cunkushe a hanyar Funtuwa, ba ya mantawa. Daga ranar zai riƙa neman ƙarshen sahu da bakin ƙofa. In aka ce a zo a je wani wuri, sai ya fara tambaya: akwai nisa? Da me za a je? Akwai wurin zama? Yaushe za a dawo? Mutumin da aka sani da "tashi mu je" ya koma mai yawan tambaya da jan ƙafa, iyalinsa su ce ya cika fi'ili.

Sai lissafi. Mai ciwon huhu yana wayar gari da numfashi ƙididdigagge, kamar magidancin da ya shiga kasuwa da kuɗin da ba za su ishe shi cefane ba, dole ya zaɓi abin da zai bari. Wanka yana cin nasa kaso. Sa riga yana ci, tsugunnon alwala yana ci, har cin abinci, domin cikakken ciki yana danne huhu daga ƙasa. Ɗan abin da ya rage shi ne zai raba tsakanin neman abinci da mutane, kuma mutane ne ke faɗuwa a rabon, tunda ba wanda yunwa ta taɓa kashewa don bai je hira ba.

In ma ya je, ka lura da shi a majalisa. Wani ya kawo labari, kowa ya kwashe da dariya ana tafawa, shi kuwa ya yi murmushi ya kawar da kai. Ya san dariya mai ƙarfi za ta jawo tari, tarin ya jawo kaki, ya rasa inda zai tofar a gaban mutane, hirar ta tsaya cak ana ta "sannu, sannu Malam, a kawo mai ruwa." Yana da amsar da zai mayar wa abokin wasansa, amsa mai daɗi kuwa, amma kafin ya tara iskar faɗinta magana ta wuce zuwa farashin taki. Da haka mai baki ke komawa mai sauraro, mai sauraro kuma ya fara fashin zuwa. Zaman gidan yana da nasa sharrin: tsokar ƙafa da ta daina aiki takan yi rauni, tsoka mai rauni kuma tana saurin gajiya da sa haki, sai ya zama tazarar da yake iya takawa bara ta fi ƙarfinsa bana, alhali huhun nasa bai ƙara lalacewa haka ba.

Jama'a ma suna da hannu a wannan janyewa. Tari mai daɗewa da rama suna sa a fara raɗa: tarin fuka ne, ko kuma ƙanjamau. Tun daga korona a 2020, tari a cikin taro ya ƙara zama abin juyowa a kalla. A gida sai a ware masa kwano da kofi, yara a hana su shiga ɗakinsa. Alhali asma da COPD da ciwon ƙurar dutse ba a ɗaukarsu daga mutum ko kaɗan. Tarin fuka ma ta iska yake yaɗuwa, ba ta kwano ba, kuma wanda ya fara shan magani daidai haɗarin yaɗawarsa yana raguwa sosai cikin 'yan makonni, wanda ya gama ya warke kuwa ba ya yaɗa komai ko da tarin bai bar shi ba. Cire mutum daga kwanon da ake haɗa hannu ba ƙaramin abu ba ne, domin a nan maza ke jin labarin juna, a nan ake shawarar aure da gona. Aya ta 61 a Suratun Nur ta ɗauke laifi daga makaho da gurgu da maras lafiya a zancen cin abinci tare da mutane a gidajensu. Sau da yawa ma ba a kai ga ware shi, shi ne ke riga kowa cewa, "Ku ci kawai, ni na ƙoshi," don kunyar tarin da zai kama shi a kan abinci.

Na mata ya fi ɓoyuwa, kuma a ganina ya fi ciwo. Zumuncin mace a biki da suna da barka yake, kuma duk waɗannan wurare ne na turaren wuta. Ka ɗauki ɗakin amarya ko na mai jego: ƙofa a saye, kasko yana ta hayaƙi, humra da turaren kaya sun haɗu, mata sun cika ɗakin. Mai asma ta san minti kaɗan a nan zai sa ta kwana a zaune. In ta tsaya a tsakar gida ta miƙa gudummawarta ta juya, gobe za a ce, "Yaya ko zama ba ta yi ba, kamar an yi mata laifi." A ranar girkinta hayaƙin murhu yana jiranta, in ta sa 'yarta ko ta nemi abokiyar zama ta karɓa mata, sunanta mai son jiki. Akwai kuma abin da ba a faɗa ko ga likita: tari mai ƙarfi yana sa fitsari ya kuɓuce, musamman ga wadda ta haihu da yawa. Macen da ba ta da tabbacin alwalarta da tsarkin zanenta za ta daina Islamiyya, ta daina tafsiri, ta daina doguwar unguwa, kuma ba za ta gaya wa kowa dalili ba. 'Yan mata masu asma kuwa wasu iyaye kan ɓoye ciwon don kada ya kori manema, yarinya ta tashi tana ɓoye abin shaƙar maganin asmarta da gudun wasa da ƙawaye, a ce ita miskila ce tun tana ƙarama.

Wani sauyin kuma daga jini da magani yake zuwa kai tsaye. Ƙarancin iskar oksijin a jini yana rage natsuwa da riƙe magana, mutum ya riƙa mantuwa ko ya ɓace a tsakiyar zance. Tarin dare yana yayyanka barci, kuma kowa ya san yadda ransa ke zama bayan kwana biyu babu barci, balle shekara biyu. Maganin buɗe ƙirji irin salbutamol yana sa rawar hannu da bugun zuciya. Aminofilin yana hana barci, ya sa mutum ya kasa zama wuri ɗaya. Firednisolon da deksametason, waɗanda ake saye a kemis ba takardar likita saboda suna kawo sauƙi nan take, suna iya jawo saurin fushi, rashin barci, kumburin fuska da hawa da saukar rai, ban da hawan jini da ciwon suga ga wanda ya daɗe a kansu. A cikin magungunan tarin fuka mai bijire wa magani akwai saikuloserin, wanda aka san yana iya kawo baƙin ciki mai tsanani har da ruɗewar tunani, da kulofazimin mai sauya launin fata. In hali ya sauya bayan an fara wani magani, wajibi ne a gaya wa likita, kada a dakatar da maganin tarin fuka da ka.

Mun ce hali zanen dutse ne. Ina ganin karin maganar ta yi gaskiya a kan asalin mutum, amma ba ta yi la'akari da abin da shekaru na haki ke yi wa zuciya ba. Nazarce-nazarce sun nuna kusan mutum ɗaya cikin huɗu masu COPD yana fama da ciwon damuwa, adadin da ya zarce na sa'o'insu masu lafiya nesa. Ciwon damuwa kuwa ba koyaushe yake fitowa da hawaye ba, a wurin namiji sau da yawa da faɗa yake fitowa. Magidancin da ya saba ciyar da gidansa, yau yana zaune a zaure yana kallon matarsa tana sayar da ƙuli-ƙuli don a ci, ɗansa yana yanke shawarar gona ba tare da ya tambaye shi ba. A waje yana riƙe da "alhamdu lillahi, da sauƙi," domin an koya mana cewa kuka da ciwo gazawar haƙuri ce. Abin da ya haɗiye a waje a gida yake fashewa, a kan yaron da ya tayar da ƙura da shara, a kan matar da ta kunna maganin sauro. Uwargida ta ce, "Malam ba haka yake ba da." Gaskiya ta faɗa, kuma ita ma tana buƙatar wanda zai tambaye ta yadda take, don ita ce ke farkawa duk lokacin da tarin ya tashi. Ba kowa ne ke tauri ba, akwai waɗanda ciwon ke ƙara wa taushi da tausayin marasa lafiya, amma ko su da'irar mutanensu ƙanƙancewa take yi.

Rashin tsaro ya ƙara wa abin nauyi ta hanyar da ba a cika lura da ita ba. Wanda aka tayar daga ƙauyensa ya dawo Gusau ko Anka ko Tsafe ya rabu da mutanen da suka san shi lokacin da yake da ƙarfi da fara'a, waɗanda za su iya cewa ciwo ne ya mayar da shi haka. Sababbin maƙwabta shiru-shirunsa kawai suka sani, a kansa za su auna shi. Ga cunkoso a ɗaki ɗaya da girki a kusa da wurin kwana, ga hanyar asibiti da ake jin tsoron bi. Na'urar awon numfashi da ke bambance asma da COPD sai a manyan asibitoci, don haka mutane da yawa suna shekaru ana ce musu sanyi ne ya kama ƙirji. Wanda ba shi da sunan ciwon da zai faɗa wa mutane ba shi da abin kare kansa idan aka ce lafiyarsa lau.

Akwai abin yi, kuma yawancinsa ba ya cin kuɗi. Abin da bincike ya fi tabbatar da amfaninsa bayan magani shi ne shirin motsa jiki da koyar da numfashi na mako 6 zuwa 8, wanda ke rage haki da fargaba tare, musamman in a rukuni aka yi, mutum ya ga irinsa. Inda babu irin wannan shiri, tafiya kaɗan kowace rana da aboki mai haƙurin tsayawa tana kama hanya, a guji fita lokacin da hazon hunturu ya yi kauri. Shaƙa ta hanci da fitarwa a hankali ta tsukakken baki tana ba tsohuwar iska damar fita. Iska mai sanyi a fuska tana rage jin haki, mafici ma ya wadatar. Maganar da ake yi cewa in ka fara amfani da abin shaƙa ba ka dainawa ba ta da tushe. Ba ya sa maye, kuma ya fi ƙwayoyin kemis aminci domin kai tsaye huhu yake zuwa. Wanda sujada ke tayar wa haki yana da sauƙin da ya zo a hadisin Imrana ɗan Husaini, na yin salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Kujera ɗaya a ƙarshen sahu kusa da taga tana iya mayar da mutum masallacin da ya bari.

Nauyin da ya rage na masu lafiya ne. In ƙafarsa ba ta iya zuwa majalisa, majalisar ta riƙa zuwa ƙofar gidansa ko da bayan la'asar ɗin Juma'a ne. Mai gaisuwa ya ce, "Baba, kada ka amsa, ni dai na gaishe ka," kuma in ya fara magana a jira shi ya kai ƙarshenta, kada a ƙarasa masa. A gidan biki a kashe kasko a ɗaki ɗaya saboda mace mai asma. A gayyace shi ko da an san da wuya ya zo, don ranar da aka daina aiko masa da goron suna ita ce ranar da yake sanin an cire shi daga lissafi.

Sai dai akwai sauyin halin da ba na lallashi ba ne, na gaggawa ne. Idan mai ciwon huhu ya fara tashi da ciwon kai kowace safiya, yana gyangyaɗi a tsakiyar magana, yana faɗin abin da ba kai, ko ya rikice ya kasa gane mutanen gidansa cikin kwana ɗaya ko biyu, musamman in leɓɓansa ko farcensa sun yi duhu ko ƙafafunsa sun kumbura, wannan alama ce ta gurɓatacciyar iska ta taru a jini ko oksijin ya yi ƙasa sosai. A gidaje da yawa a nan ake fara zancen aljanu ko sammu, a ɓata kwanaki. Irin wannan mara lafiya asibiti yake buƙata a ranar, kuma kada a ba shi maganin barci don ya natsu, domin yana iya danne ɗan numfashin da ya rage masa.